Ƙwaryar Inna Rabi a Tele

Jamila tana tankaɗen jar dawar taimako a tsakar gidansu a Yantala, amma ƙafafunta sai motsi suke ƙarƙashin zane. Wata biyu ke nan tana cewa gidan ƙawa za ta, alhali wurin samariya take zuwa koyon rawa. Ba wanda ya sani, har Harouna, saurayinta, da aka sa musu rana bayan Sallah.

Jibo, shugaban 'yan rawar, ya ce gasar tele ta bana a kan fari da yunwa ce. Jamila za ta fito a matar da shanunta suka mutu, tana miƙa ƙwarya a layin rabon hatsi.

"Ki samo tsohuwar ƙwarya ta ƙauye," in ji shi. "Ban da roba!"

Guda ɗaya ta sani: ta Inna Rabi, uwar Harouna. Da ita kaɗai tsohuwar ta taho daga ƙasar Tahoua bayan garkenta ya ƙare.

"Inna, ara mini ƙwaryarki, fura zan kai wa Baba."

"Ɗauki mana, ɗiyata. Gidanku ne."

Ran Asabar bayan magariba unguwa duka ta taru gaban telen dandali. Jamila ta laɓe can baya. Ran ɗaukar hoton toka ta shafa a fuska, kuma ba wanda ya gane ta. Sai mai kamara ya matso kan hannunta.

"La! Ƙwaryar Rabi!" wata ta yi ihu. "Ga ɗinkin nan a bakinta!"

"Ashe Rabi ma layi take bi? Ita da ke cewa ba ta cin sadaka!"

Aka fashe da dariya. Inna Rabi ta tashi, ta gyara lulluɓi, ta wuce gida.

Da safe sai ga Harouna, ido ja wur.

"Mi ya sa, Jamila? Shanunta suka mutu tana kallo, ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Ke kin miƙa mata shi gaban ƙasa duka!"

"Wallahi rawa ce kawai—"

"Ta ce in na aure ki ba ta yafe mini nononta ba."

Yantala ce ta zo ta ɗaya. Jibo ya zo da murna, wai Zinder za su wasan ƙarshe. "Ku sauka lafiya," Jamila ta ce, ta shige ɗaki tana kuka. A satin nan Harouna ya hau kamiyo, motar kaya, ya tafi kurmi neman aiki, ko sallama babu.

Kullum da safe Jamila ta ɗebo ruwa ta aje ƙofar Inna. Kullum Inna ta sa a mayar mata da shi. Wata biyar haka.

Ran nan tana sauke tulu sai ta ji murya daga ɗaki.

"Ke! Kin iya rubutu?"

"Kaɗan, Inna. Aji biyu na yi a lakkol."

"Shigo ki zauna. Rubuta mishi, ki ce na huce. Ya dawo ya ɗauki matarshi."

Ta rubuta, hawaye na ɗiga kan takardar. Da ta gama ta ɗago kai.

"Ina za a aika, Inna?"

 Tsohuwar ma ba ta sani ba. Sai ta jawo Jamila jikinta, suka yi ta kuka su biyu.

Har yau duk Juma'a suna zuwa tasha tare, suna tambayar direbobin kurmi ko wani ya gan shi.

'Yan'uwana 'yan mata, haƙuri ya sama wa Jamila yafiya, amma ƙaryar minti ɗaya ta riga ta kori masoyinta. Kar ku ɗauki ciwon wani ku kai dandali don a yi muku tafi.