Kofuna Uku a Gindin Mangwaro

Ku da ba ku taɓa ƙona ɓawon katantanwar teku ba, ku ji: in ya fito daga wuta sai an yayyafa masa ruwa ya huce kafin ya zama kambang, farin garin da muke ci da goron buai. Ana cikin yayyafin sai ya yi ta huci kamar tukunya.

Kwando huɗu na ƙonannen ɓawo aka sace wa Mama Wabing ran Talata. Kafin Sufeto Tusi Angori ta sauko daga kwalekwale ran Laraba, dangi sun gama yanke hukunci: Ruta ce, matar marigayi ɗan Mama Wabing, 'yar yankin Sepik mai nisa. Ran Asabar za a mayar da ita garinsu, 'ya'yanta biyu kuwa su zauna.

"Mama, kin sa masa ruwa kafin ya ɓace?" in ji Sufeto.

"Ina na samu? Coci na je, na dawo na tarar wayam. Ɗan guntun nan kaɗai aka bar mini a bokiti."

"Wa ya ga Ruta?"

"Gedisa, ƙanin mijinta. Ɗana ne, ba zai yi mini ƙarya ba."

"Uhm," in ji Sufeto, ta rufe bokitin da kyau.

A ɗakin Ruta gwangwani guda ta samu, gari lallausa.

"Tun watan jiya na saya," in ji Ruta. "Amma ni baƙuwa ce, ranki ya daɗe. Ko kaza ta mutu, ni ce."

Gedisa kuwa da dariya ya tarbe ta. Ƙarƙashin ɗakinsa ga ƙonannen ɓawo zube a buɗaɗɗen buhu.

"Nawa ne, tun Kirsimeti na ƙona shi. Wata biyar ke nan."

"Me ya sale maka kafaɗa haka?"

"Rana ce."

"Ranar garinku kafaɗa ɗaya take zaɓa?"

To, Sufeton nan tamu shekara shida ta yi tana koyar da kimiyya kafin ta sa kaki. Ta aro ma'aunin zafi wurin masu busar da 'ya'yan koko, ta tara jama'a gindin mangwaro. Kofuna uku masu murfi, kowanne ta naɗe shi da tawul don kada zafi ya gudu. Ruwa daidai, gari cokali biyu daidai.

"Ruwan nan digiri ashirin da tara ne. Tsoho, zo ka karanta, kada a ce ni na faɗa."

Dattijon coci ya gyara tabarau. Ta zuba na Mama Wabing, ta motsa.

"Hamsin da uku!"

Na Ruta.

"Talatin. Bai ko motsa ba."

"Wannan ya daɗe da shan ruwansa, ya gama fitar da zafinsa," in ji Sufeto. "Ɓawo sau ɗaya yake hucin nan. Gedisa, naka wata biyar a buɗe, a damshin bakin tekun nan, da iska ma ta shayar da shi. Kai ka zuba da hannunka."

Ya zuba. Matan da suka tsufa a sana'ar tuni suka fara kallon juna.

"Hamsin da ɗaya," in ji dattijo a hankali.

"Wutar wa aka hura makon nan?"

"Ta Wabing kaɗai!" mata suka amsa.

"Gumin kafaɗarka ma ruwa ne, Gedisa. Ka ɗauki kwando ba riga, ɓawon ya ƙona ka."

Ya zauna a ƙasa. Filin bakin ruwa na yayansa yake so, ya ce, kuma muddin Ruta na nan ba zai samu ba. Kurtun da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, suka gangara wurin kwalekwale.

Mama Wabing ta daɗe tsaye. Sannan ta je gaban Ruta.

"Ɗiyata..."

"Mama, yau ban iya ji ba tukuna," in ji Ruta, ta kama hannun yaranta. "Ki zo ran Asabar. Ina gida."