Raunin da Bai Yi Jini Ba

Kafin Sufeto Bashiru ya iso Furfuri ta ƙasar Bunguɗu daga Gusau, an riga an binne Gambo. Mutanenmu ba sa barin gawa ta jira ɗan sanda, komai yawan igiyoyin kafaɗarsa.

'Yan doka sun kama Idris, maƙwabcin gonar mamacin. Kowa ya san sun yi cacar baki kan iyaka, ga kuma galmar Idris an tsinta a gefen gawar. Likitan da ya kamata ya duba yana rangadi a Tsafe, saboda haka shaidar gwani guda ce ta rage, ta Malam Mu'azu, malamin asibiti, wanda ya ga gawar kafin a wanke ta.

Wannan ya kwantar wa Sufeto da hankali. Tare suka yi makarantar Midil da Mu'azu, akushi ɗaya suka ci, kuma shekara da shekaru in Mu'azu ya ce wuƙa ce, Bashiru bai taɓa cewa a duba ko lauje ne ba.

"Me ya kashe shi?" in ji Sufeto.

"Sara a ƙeya, da galma. Nan take ya cika," in ji Mu'azu. "Raina ya ɓaci, Bashiru. Ka san Idris wan matata ne. Amma gaskiya ba ta da suruki."

Suka je gonar. Sufeto ya tsuguna inda aka tsinci gawar, ya tona ƙasa da yatsa. Busasshiya ce fes.

"Ina jinin?"

"Jigawa ce, ta shanye."

Sufeto ya gyaɗa kai, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya sha ganin an fasa wa mutum kai a kasuwa, ya san yadda jini ke malala.

Idris kuwa, da aka tambaye shi, ya yi ta rantsuwa bai je gona ba ranar. Da aka matsa ya ce ya je, ya ga Gambo kwance, tsoro ya sa ya gudu. Galmar kuma a gona yake barinta kullum. Ƙaryar farko ta isa ta kai shi ga igiya, shi ma ya sani.

Sufeto ya nemi Liman Umaru, wanda ya wanke gawar. Tsohon ya ƙi ɗaga kai daga tasbaharsa.

"Abin da mai wanka yag gani amana ce, Sufeto. Ba a hwaɗi nai."

"Ba aibin mamaci nake nema ba, Malam. Kotu na iya tilasta maka, ni ba na so a kai can. Amma in ka yi shiru, rataye Idris za a yi."

Liman ya ajiye tasbahar.

"Ruwan da munka zuba ga kai nai, fari ya sauka," ya ce a hankali. "Fuskar ta kumbura, leɓɓa sun yi suntum. Ga cinya kuma akwai bakin allura."

Nan Sufeto ya fahimta. Ba sai an yi karatun likita ba: jikin da bai yi jini ba, ya riga ya mutu kafin a sare shi. Kuma a duk ƙasar Bunguɗu, mutum nawa ne ke da allura?

Ya tafi gidan Mu'azu lokacin da ya san yana wurin aiki. Rabi, matar gidan, ta yi masa magana daga bayan labulen zaure. Muryarta ta dishe don kuka.

"Malam Mu'azu ya faɗa miki wani abu game da Gambo?"

"Abin da mijina yaf faɗa mini cikin ɗaki, ba ni faɗa ma kowa. Shi ma ya ce doka ba ta iya sa ni."

"Gaskiya ya faɗa miki. Maganar miji da mata, ko alƙali ba ya tilasta a fito da ita. Riƙe ta." Sufeto ya sassauta murya. "Amma idonki naki ne, Rabi. Me kika gani?"

Labulen ya motsa.

"Na ga Gambo ya shigo zauren ga da ƙafa tai, shina tari," in ji ta. "Da asuba na ga an fita da shi bisa jaki, cikin tabarma. Malam ka jan jakin." Sai kuka ya ƙwace mata. "Idris shi yar riƙe ni tun ina ƙarama. Shi yab ba Malam aurena."

A caji ofis na Gusau Mu'azu ya zo da fara'arsa, yana zaton sa hannu zai yi a shaidarsa. Sufeto bai ba shi kujera ba.

"Likita ya dawo daga Tsafe. Za a nemi izinin tono kabarin. Har yanzu ra'ayinka galma ce?"

"Haba, Bashiru. Ni ne fa."

"Na san kai ne. Shi ya sa nake tambaya. Liman ya ga bakin allura, an kuma ga jakinka."

Mu'azu ya dafa tebur. Da ƙyar maganar ta fito. Allurar bayan fage yake yi wa mutane a zaurensa, ba da sanin likita ba. Ya yi wa Gambo, jikinsa ya ƙi ta, numfashi ya sarƙe, kafin ya yi wani abu rai ya fita. Ya ji tsoron kora da ɗauri, sai ya tuna rigimar iyaka, ya tuna inda Idris ke ajiye galma. Ya kai gawar gona, ya sare ta da galmar a ƙeya.

"Na san ba za ka bincika bayana ba," ya ce, kansa a ƙasa.

Wannan ce ta fi yi wa Bashiru ciwo, domin gaskiya ce. Da amanarsa aka shirya rataye mutum.

Ya sa aka saki Idris, Sajen ofishin kuma ya kawo ankwa ya sa wa Mu'azu. Har sun kai ƙofa Sufeto ya tsayar da su.

"Mu'azu, mutum nawa na kai gidan yari da bakinka? Cikinsu akwai wanda ka yi wa irin ta Idris?"

Saje ya ja Mu'azu suka fita, Sufeto na tsaye yana jiran amsar.