Masuncin da Ya Share Fadama

A can wani zamani, a bakin wani babban tafki, an yi wani masunci mai son tsafta. Ciyawar fadama kan maƙale masa a taru, don haka da rani ya sare ta, ya ƙone har saiwa. Kowa ya yaba.

Da damina ta zo, jar laka ta gangaro kai tsaye cikin tafkin, kifi kuma ya rasa wurin zuba ƙwai. Masunta su jefa taru, su jawo ruwa. Su sake jefawa, su sake jawo ruwa.

Sarkin Ruwa ya tara jama'a. Bayan dogon nazari, dattawa suka gano cewa aljanin tafki ne ya yi fushi, kuma baƙar akuya yake so. Baƙar akuya ɗaya ce a garin, ta wata tsohuwa, wadda da nononta take ciyar da jikokinta.

Masunci ya dubi wuƙa, ya dubi tsohuwa. Ba wanda ya zarge shi, da ya yi shiru da shi ke nan.

Sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, aljanin nan ni ne."

Sarkin Ruwa ya ce, "To, a saki akuya, a ba aljani kwando."

Kullum sai masuncin ya haye tsallake, ya ciko kwando da saiwar ciyawa, ya dasa cikin laka. Da hantsi tsohuwa ta kawo masa nono a ƙwarya.

Takan ce, "Sha, ɗan nan. Da sauran gaɓa a gabanka."