Budurwa a Zauren Dattawa

Da tambaya ya fara, kuma ba ita ya yi wa ba. A dandalin intanet na masu gyaran rediyo wani saurayi ya rubuta: "Rediyona, da ta yi zafi sai ta yi shiru. Na canza mata komai."

Ita ta karanta wa mahaifinta, kamar kullum. Shekara uku ke nan da idanun Baba suka tafi, ya rufe shagonsa da ke jikin gida, dandalin nan ya zama shi kaɗai ne hirarsa. Ita take karantawa a wayarsa, ya faɗi amsa, ta rubuta da sunansa.

"Ce masa dalmar da ta liƙe wayoyin ƙarƙashi ce ta tsage," in ji Baba.

Ta rubuta, ta ƙara nata: "Ni kuma 'yarsa mai rubutu na ce ka rage canza komai."

Washegari ya turo hotonsa rungume da rediyon. "Ta tashi! Na gode, Baba. Ke kuma Idon Baba, na ji faɗa."

Ta daɗe tana kallo, har Baba ya ce, "Hoton ma karanta shi ake yi?"

Wata bakwai suka yi a haka. Ta sa masa Sarkin Tambaya, don har abin da ya sani sai ya tambaya. Ba su taɓa karɓar lambar juna ba, tun da ba ta rubuta kalmar da Baba bai ji ba. Amma ta san tana son sa, ta kuma san ya sani.

Sai masu kula da dandalin suka raba shi gida uku: matasa, magidanta, dattawa. Wai don kowa ya sake da sa'anninsa. Kowace waya suna ɗaya tak, kuma saƙo ba ya tsallaka zaure. Da safe ta buɗe da sunan Baba, ta tsinci kanta, tana 'yar ashirin da huɗu, cikin 'yan sittin, ana hirar ciwon gwiwa. Sarkin Tambaya ya ɓace kamar an zare fulogi.

Hanya ɗaya ce: ta canza shekarar haihuwar da ke kan sunan Baba, su koma zauren matasa. Amma a nan Baba ya tarar da tsofaffin abokan sana'arsa, har ya dawo da dariyar da ya manta. Sau biyu tana kai yatsa wurin, tana janyewa. Ta rame, kuka ya zama sai a banɗaki, da famfo a buɗe don kada ya ji.

Bayan sati shida wata sabuwa ta shigo zauren, mai shekara saba'in da takwas.

"Ni ko kunna rediyo ban iya ba," ta rubuta. "Jikana ne ya saka ni, shi ke rubuta min. Ina neman tsohon da 'yarsa take masa rubutu. Yaron nan ya daina cin abinci, ya hana ni sakat. Muna neman iri."

Da bakinta ta karanta wa Baba.

"Rubuta," ya ce. "Mun gode. Ba yanzu ba, kada a jira mu."

"Baba..."

"Yaron da ba mu san asalinsa ba? Rubuta."

Ta rubuta da hannunta, ta tura da hannunta. Amsar layi ɗaya ce, daga jikan kansa: "Na ji, Baba. Idon Baba, ki yafe min." Wannan ma sai da ta karanta a fili.

Ba ta yi musu ba, ba ta fasa karatu ba. Sai dai muryar ta mutu, ko barkwanci ne kamar sanarwar rasuwa take karanta shi. A kwana na tara Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ba asalinsa ba ne, ƙarya na yi." Ya lalubo hannunta. "Tsoro nake ji. In kin tafi, makantar tawa ta zama biyu. Amma na saurare ki kwana tara, 'yata ba ta cikin muryar nan. Rubuta: su zo."

Sarkin Tambaya ya zo da kakarsa da kawunsa. Ya durƙusa, Baba ya shafa hannuwansa, ya ji tabon ƙunar dalma a yatsunsa, ya ce, "Wannan na gane shi."

Kafin kowa ya nema, saurayin ya roƙi a ba shi shagon da ke rufe, da ɗakin da ke bayansa, don su zauna kusa da Baba.

Ranar aure dattawan zaure suka cika waya da addu'a: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Amarya ta fara karanta wa Baba, kuka ya tare ta a saƙo na uku. Baba ya juya kai, fuskarsa ta canza.

"To, wa zai ƙarasa min?"

Ango ya karɓi wayar, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ci gaba daga inda ta tsaya.