Layin da Babu Matar Gida

"Gwaggo, don Allah mu koma ciki..."

Haula ce ke roƙo, riƙe da tiren alkaki da dubulan.

Gwaggo Sailuba, yayar mahaifinta da ta zo daga Kano saboda bikin, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Mu koma ina? An gama jere ba a gaida maƙwabta ba? A garin wa aka taɓa yin haka?"

Da a gida ne, amarya ko kusa da wurin jere ba za ta zo ba. Amma nan Amurka ce, ita ce direba, ita ce tafinta.

Sun buga ƙofar farko, shiru. Ta biyu ma shiru, sai wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi na ajiye makulli da ke rataye a jikin kowace. A ta uku ne aka buɗe.

Wani saurayin Bature ne, daga shi sai gajeren wando, kiɗa na tashi a bayansa.

"Innalillahi!" Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ke, tambaye shi ina matar gidan!"

Haula ta tambaya, kanta a ƙasa. Ya kwashe da dariya, ya yi dogon bayani, ya ɗauki dubulan ɗaya ya yi godiya.

"Me ya ce?"

"Wai... wai ba ta nan."

"A'a fa, Gwaggo." Afnan ce daga bayansu, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tausayi. "Cewa ya yi shi da abokansa hutu suka zo, jibi za su tafi. Duk layin nan gidajen 'yan kwana biyu ne. Yau wannan, gobe wancan. Babu wanda yake zaune a nan."

Afnan 'yar kawun ango Nazir ce, ita dangi suka so ya aura kafin ya ga Haula. Sana'arta dillancin gidaje, ita ta samo musu wannan gidan na bakin ruwa a Fort Washington. Ita ce kuma ɗazu ta ce, "Gwaggo, ba za a kai wa maƙwabta gara ba?"

Sai yanzu Haula ta gane.

Gwaggo ta sauke mayafinta a hankali, ta dube ta.

"Haula. Ba ke kika ce wa ubanki unguwar iyalai ce ba?"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Gaskiyar maganar, Nazir bai so gidan ba. Ranar da suka zo gani ya tsaya yana kallon layin, ya ce, "Zuciyata, ko keken yara ɗaya ban gani ba fa." Ita ta shagwaɓe masa. Ta gaji da unguwarsu ta Springfield, inda in ta sayi takalmi da safe, kafin azahar an san launinsa a kowane gidan Bahaushe. So take ta rufe ƙofa daga ita sai mijinta, babu mai sa ido. Ta san komai game da layin, ta kuma dubi mahaifinta ta yi masa ƙarya.

Bayan la'asar Abba ya sa aka kira Nazir.

Haula na raɓe a bayan ƙofar kicin, tana hango shi zaune a kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa, ko rigar asibiti bai cire ba.

"Naziru, ka san abin da ke layin nan kafin ka kama gidan?"

"Na sani, Abba."

"Wa ya zaɓa?"



"Ni ne, Abba. Kuskurena ne, a gafarce ni."

Haula ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Kai da kake kwana a wurin aiki?" Muryar Abba ba ta tashi ba, irin muryar nan tasa da ya yi shekaru yana karanta labarai da ita a rediyo. "Shekarar da muka zo ƙasar nan, mahaifiyar yarinyar nan ta yanke jiki ta faɗi da cikinta. Ina wurin aiki, wayata a kashe. Maƙwabciyarmu 'yar Habasha ce ta ga ba ta fito shanya ba. A hannunta muke ajiye makulli. Da ba ta buɗe ƙofar nan ba, da babu Haular da kake nema."

Abba ya dubi Nazir.

"Yanzu ka ce in kai ta inda in ta yi ihu, wanda zai ji yana haɗa jakarsa? Ɗaurin auren Asabar na ɗage shi. Sai na sake tunani a kanka."

"Abba..."

Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka fito da ita ba. Ta zube a gefen kujerarsa.

Gwaggo ta zaro ido. "Ke! Ana maganar aurenki kike fitowa? Ina kunyarki?"

"Gwaggo, kunyar ce ta fito da ni..." Kuka ya ci ƙarfinta. "Abba, ba shi ba ne. Wallahi ya ce bai so, ni na nace. Ni na ce maka iyalai ne, alhali na sani."

"Haula, ki yi shiru mana," Nazir ya faɗa a hankali.

"Ba zan yi ba! Kada a hukunta ka da laifina!"

Abba ya daɗe yana kallonta. Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

"Uwata, me muka yi miki da kike gudun mutane?"

Me za ta ce? Matan da take kira 'yan sa ido su ne suka kwana biyu suna tuƙa mata alkaki, wata ma hutun aiki ta ɗauka.

Abba ya juya ga Nazir.

"Kai kuma ka yi mini ƙarya a falona."

"Na yi, Abba."

"Don ka rufa mata asiri."

Nazir ya sunkuyar da kai.

Abba ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya sauke numfashi.

"Za a ɗaura ranar Asabar. Amma ba za ta tare ba sai ka samo gidan da zan tsaya a ƙofar maƙwabcinsa, ya gaya mini shekararsa nawa a wurin. Ku tashi ku ba ni wuri."

A bakin mota ta samu Nazir. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka yi fushi da ni?"

"Sosai ma."

"Nazir..."

"Kin san nauyin gadon nan da muka hau da shi bene? Yanzu sai mun sauko da shi!"

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka.

"Share hawayenki, hasken idona. Amma wannan karon ni zan zaɓa, kuma ba Afnan za ta raka mu ba."

An ɗaura aure. Afnan ba ta zo walima ba, wai mura take yi.

Sai da wata ya kusa cika kafin Haula ta tare, a wani tsohon bene a Takoma Park. Babu ruwa a gabansa, sai wurin ajiye motoci. Matakalarsa na ƙara, bangon kuma ko tari ka yi na kusa zai ji. Abba da kansa ya je ya buga ƙofar da ke kallon tasu, ya samu Mama Jang, wata nas 'yar Jos da ta aurar da 'ya'yanta duka a ɗakin.

Wata Lahadi da rana suna zaune a falo, kanta a kafaɗarsa, yana mata wasa da yatsun da lallensu bai gama fita ba.

"Kin yi kewar bakin ruwan?"

"Ka daina tuna mini, don Allah, kunya nake ji..."

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Amarya! Amarya! Shinkafarki ta kama, tun daga ɗakina nake jin ƙauri!"

Haula ta zabura ta yi kicin da gudu. Hayaƙi ya turnuƙe, gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin. Ta tsaya riƙe da murfi, idonta ya cika da ƙwalla.

"Shi ke nan, gobe duk benen nan ya san ban iya girki ba!"

Nazir na dariya ya buɗe ƙofa.

Mama Jang ta shigo ko izini ba ta jira ba, rungume da kula mai zafi. Ta dire ta a kan tebur, ta wuce ta buɗe taga.

"Gobe? Ai tun shekaranjiya muka sani, 'yata. Shi ya sa na ƙara hannu a gwaten accan nan. Ɗauko faranti uku, ni ma ban ci ba."