Ƙofar da Ta Daina Kuka

Ranar Juma'a da hantsi Alhaji Idrisu ya dawo gidansa na Djougou daga biki, ya jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Tsumman gogewa yana nan, gwangwanin darma yana nan. Bindigar ce babu.

Bindigar iska ce, irin wadda ake karya bututunta a saka ƙwayar darma ɗaya a harba. Ba ta taɓa kashe komai ba sai takardar hari da murfin kwalba, amma duk unguwa an san Alhaji ya fi kula da ita fiye da gwiwarsa mai ciwo, kuma ko ɗansa na cikinsa bai isa ya ɗora mata yatsa ba. Tun yana fataucin goro ya saye ta, rana ɗaya shago ɗaya da amininsa Ukasha, mahauci a Parakou, wanda shi ma ya sayi irinta. Duk Lahadin ƙarshen wata tsofaffin nan biyu sukan haɗu da abokan harbinsu a bayan wata gonar kashu, su harba, su yi gardama, su ci gasasshen nama, su rabu kowa yana cewa shi ya ci gasa.

Alhaji ko hula bai cire ba ya kira Ukasha a waya. Abin da ya faɗa masa ba ya maimaituwa. Ya dai ce masa ɓarawo, ya ce ko mutuwa ya yi kada ya zo masa jana'iza. Sai da ya gama ɓarin nan sannan ya tuna yana da 'yar sanda a gida, ya kira autarsa Khalida.

Mijinta Taufiƙ, bakanike mai gareji a Parakou, shi ya kai ta tasha. Mutum ne mai surutu, wanda ko hira ake yi hannunsa na neman abin gyara, amma ranar shiru ya yi. Ta ɗauka gajiya ce, don jiya ya wuni a hanyar Djougou wajen motar wani da ta mutu. A cikin taksi ba bindigar ce ta dame ta ba. Baba Ukasha shi ya yanka ragon sunanta, shi ya yi tsaye a kan naman bikinta. Ta san halin ubanta: in Lahadi ta zo ta wuce ba a shirya ba, to zumuncin ya mutu ke nan.

Ta tarar da Alhaji a bakin ɗakinsa yana huci.

"Baba, me ya sa ka ce Baba Ukasha ne?"

"Jiya da safe ya zo gidan nan ba na nan. Ya san inda akwatin yake. Shekara da shekaru yana cewa tawa ta fi tasa saiti. Jibi gasa. Voilà! Sai me kuma?"

"Mabuɗin ɗakin fa?"

"Yana rataye a madafa, inda yake kullum."

Ta tura ƙofar ɗakin, sai ta tsaya cak. Ƙofar nan tun Khalida tana rarrafe take kuka kamar akuya ta ga wuƙa. Alhaji yana kiranta maigadi, ya hana kowa ya zuba mata mai. Yau ta buɗe ba ko ƙis.

"Kin gani ko?" in ji Alhaji. "Ɓarawo ne gwani. Sai da ya rufe wa maigadina baki."

Khalida ta shafa ƙarfen ƙofar, ta kai yatsa hanci. Man inji ne, sabon zubi. Ta zaga gidan. Ƙyauren madafa ya daina kuka. Keken ɗinkin Inna yana sheƙi. Ƙofar bayi ma, wadda sai an sa mata kafaɗa, yanzu da yatsa ɗaya take buɗewa. Ta daɗe a aikin nan, ta ga ɓarayi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mutane ƙofar bayi ba.

Mahaifiyarta Hajiya Memuna tana tsintar wake a inuwar mangwaro.

"Inna, wa ya shigo gidan nan jiya?"

"Ukasha ya kawo tsoka. Daga zaure ya juya, ko ruwa bai sha ba. Na faɗa wa ubanki, ai ba ya ji."

"Bayansa fa?"

"Ni barka na tafi da la'asar."

"Kafin ki tafi, wa kika bari yana zuba wa ƙofofi mai?"

Hajiya ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a kan wake. "Ke Auta, kin ci abinci kuwa?"

Khalida ta lura da jan mayafin nan, ta ajiye shi a ranta.

Saura maƙwabci, Labbo mai kiwon raguna. Alhaji ya ce shi ma ya sha roƙon aron bindigar don shirwar da ke ɗauke masa 'yan tsaki.

"Na roƙa, ya hana, na haƙura," in ji Labbo. "Jiya kuwa ina na ga ta bindiga? Bayan la'asar wani abu ya yi tau! a tsakar gidanku, kamar taya ta fashe, hayaƙi mai warin man gazuwal ya ƙetaro katanga. Ragunana suka ɓalle. Har magariba ina bin su, ki tambayi duk layin nan, dariya suka sha."

Ta tambaya, an kuwa sha dariyar. Ta cire Labbo, ta koma wajen ubanta.

"Baba, bindigarka tana ƙara kamar ta gaske?"

"Abada! Tari kawai take yi, tuf." Ya gyara zama, don an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. "Sai dai in wani jahili ya ɗura mata man inji a ramin iska. Fistin ya matse iskar, man ya kama wuta, ta yi ƙara ta yi hayaƙi, robar ciki ta ƙone, sifirin ya karye. Tun kina ƙarama nake faɗa: ɗigon silikon guda a ramin, shi ma sai an daɗe. Tsumma ga bututu, man kaɗe ga katako. Ba a harba ta babu darma, ba a ajiye ta a ɗane."

"Baba Ukasha ya san haka?"

"Shi da ya koya mi..." Ya haɗiye sauran. Ya kau da kai. "Ɓarawo ai yana iya ɓad da sawu."

"To ka shirya, gobe da azahar ka same ni a Parakou, shagon Soumaïla mai gyaran bindigogi."

Ta koma Parakou, Asabar da safe ta nufi gidan Ukasha a unguwar Titirou. Ukasha bai fita kasuwa ba, abin da ba ya yi ko yana zazzaɓi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba.

"An turo ki ki sa mini ankwa, Auta?"

"Bindigarka kawai nake son gani, Baba."

"Tana ciki. Ɗakin da duhu. Mabuɗin ma..."

"Zan jira."

Ya yi ƙwafa ya tashi ya ɗauko ta. Khalida ta kama bututun ta karya. Irin wannan bindiga sai mutum ya sa ƙarfi kafin ta ɗanu, amma wannan sai bututun ya langaɓe kamar wuyan kazar da aka yanka.

"Ina sifirinta?"

"Ya tafi hutu."

"Ana gobe gasa?"

Tsohon ya daɗe yana shafa katakon bindigar. "'Yata, ki bar ni da sunan ɓarawo na kwana biyu. Fatata mai kauri ce, na saba da bakin ubanki. Akwai wanda tasa fatar ba ta kai haka ba."

Nan Khalida ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta kuma ji dariya tana neman kufce mata, don yanzu ta tabbatar da abin da take zato tun daga ƙofar bayi. Ta ce, "Taso mu je, Baba. Yau za a wanke ka, ko kana so ko ba ka so."

Shagon Soumaïla yana unguwar Ladjifarani, ɗan ƙuƙut, ya cika da warin ƙarfe. Alhaji ya iso da azahar. Da ya ga Ukasha a kan benci sai ya juya masa ƙeya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ba na zama inuwa ɗaya da..."

"Tsaya a nan ɗin, Baba, ka ji," in ji Khalida. "Wanda ya ɗauki bindigarka bai zo sata ba. Ya bar darma, wanda kuwa zai harba ba ya barin darma. Ya zuba wa kowace ƙofa ta gidan mai, har da keken ɗinki, da rana tsaka, Inna tana kallo. Ke nan ɗan gida ne. Shi ya ɗura wa bindigar man inji ya gwada ta, abin da kai da kanka ka ce mai harbi ba zai yi ba. Labbo yana bin raguna, Baba Ukasha bai wuce zaure ba. Na tambayi Inna ko wane ne, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mutum ɗaya ne a duniyar nan Inna ba ta faɗar sunansa, take jan mayafi in an zo maganarsa. Kuma ni na san wani wanda ba ya iya wuce ƙarfe yana kuka bai ba shi mai ba, don a gidanmu na Kpébié ko ƙugiyar labule ba ta tsira ba." Ta ɗaga murya. "Baban Nana, babur ɗinka na gani a bayan shago. Fito."

Labulen ciki ya motsa. Taufiƙ ya fito, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa kamar zai shige ƙasa.

"Baba, ku gafarce ni. Na gama da motar ne na biyo in gaishe ku. Na ji ƙofar tana kuka, na sa mata mai. Da na ga akwatin, sai na tuna kun taɓa cewa gaɓar bututun ta fara ƙara. Na ce bari in yi muku abin da za ku ji daɗi. Na sa a gaɓar, na ga rami, na ce shi ma..." Muryarsa ta shige. "Da ta fashe, na rasa idon da zan kalle ku da shi. Na kawo ta nan in mayar kafin ku dawo. An ce mini sai Asabar za ku dawo."

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji Soumaïla, yana zaro bindigar daga ƙarƙashin tebur a naɗe cikin zane. "Roba na samu. Sifirin irin wannan kuwa sai Cotonou, in ma an dace. Jiya da safe na kira Alhaji Ukasha, na san nasu iri ɗaya ne, na gaya masa komai. Ya ce zai yi shawara. Bayan sallar Juma'a sai ga shi da tasa, ya ce in cire sifirinta in sa wa wannan, kuma kada in gaya wa kowa, saboda yaron."

Alhaji ya juyo a hankali. "Bayan Juma'a? Bayan na kira ka?"

"Bayan ka hana ni zuwa jana'izarka," in ji Ukasha. "Na ce to, tun da ba zan je waccan ba, bari in tabbatar ka zo gasa."

Alhaji ya karɓi bindigarsa, ya karya ta, ta ɗanu da ƙarfinta, ya riƙe bututun ya sauke ta a hankali yadda ya saba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi furfura. Ya dubi surukinsa tukuna, don shi ya fi sauƙin kallo.

"Tashi, Malam Taufiƙ. Wanda ya ɓata maka abu garin so ba a dukansa. Hukuncinka biyu. Duk ƙarshen wata za ka zo ka riƙe mini tsumma har ka san ramin da ba a sa wa mai. Sannan ka je ka mayar wa ƙofata kukanta, ban san yadda za ka yi ba, kai ne bakanike."

Sai ya taka zuwa benci, ya tsaya a kan Ukasha. Ya zauna kusa da shi. Bindigar nan da ba wanda ya taɓa riƙewa da yardarsa, ya ɗora ta a kan cinyar amininsa da hannu biyu.

"Gobe kai za ka fara harbi da ita."

Ukasha ya ɗaga ta, ya kai kafaɗa, ya runtse ido ɗaya ya auna ƙusar da ke jikin bango. Ya daɗe a haka, ya fi yadda awo yake buƙata, har sai da ƙwallar idonsa ta koma.

"Ka ga abin da nake faɗa," ya ce. "Da ma ta fi tawa saiti. Yanzu da ta sami zuciyar kirki a cikinta, sai ka nemi wata hujjar in na cinye ka."

"Jana'izar fa," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, "ka zo da wuri. Sahun gaba."