Faifan da Ya Ɓace Ranar Haska Fim

Ƙarfe tara na safe wani darakta ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki. An sace faifan sabon fim ɗinsa, labarin wata rundunar 'yan sanda ta musamman da ke ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. Da yamma za a haska shi, baƙi sun fara isowa, kuma babu wani kwafi.

Sufeto ya ɗauki hularsa, Saje ya bi bayansa.

A ɗakin tace fim ba a fasa ƙofa ba. Mai tacewa ya rantse a durowa ya kulle faifan, ya ce mutum uku ne ke da makulli: shi, darakta, sai jarumin fim ɗin da kowa ke kira Kwamanda. Sufeto ya shafa mariƙin durowar, yatsansa ya fito da baƙin fenti.

Mai yi wa 'yan fim ɗin kwalliya ta ce fentin da ake shafa wa 'yan runduna a fuska ne, amma rabonta da taɓa shi tun watan jiya. Sufeto ya kafe kwalbar fentin da ke buɗe a teburinta da ido. Can ta tuna jiya ta shafa wa Kwamanda saboda hotunan talla.

Suka same shi a saman bene cikin rigar sulke, yana gwada murmushi a madubi. Ya ce ko hanyar ɗakin tacewa ya manta.

"Ina makullinka?" in ji Sufeto.

"Ya ɓata, yallaɓai."

"Saje, laluba aljihun rigar nan."

Makulli ya fito, faifai ya biyo baya.

Kwamanda ya zauna daɓas. Ashe darakta ya liƙa hotunan bayan fage a ƙarshen fim. A ciki ga gwarzon rundunar rataye a igiya, ido rufe, yana kiran innarsa, a tsayin da bai wuce katanga ba. Dirowar nan daga rufin bene kuwa, mai kwalliya ce ta sa hular kwano ta yi masa.

"Surukaina za su zo kallo, yallaɓai," ya faɗa a hankali. "Layin gaba aka ba su."

Saje ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Darakta ya rungume faifansa har da ƙwallar dariya, ya ce ya yafe, amma ko daƙiƙa ɗaya ba zai cire ba. Sufeto ya ce yafiya daban, rubuta bayani daban, a tafi ofis.

Da suka fito da shi, jama'ar da ke bakin titi suka ɗauka wani sabon fim ake ɗauka. Aka kaure da tafi. Kwamanda ya gyara tsayuwa, ya ɗaga musu hannu.

"Shiga mota," in ji Sufeto. "Yi a hankali, tana da ɗan tsayi."